Me ya sa Jamusawa suka ɗora ƙaramar igwa a kan motocin sulkensu na sintiri?

Wani mai sha'awar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ya aiko mini da hoton wata ƙaramar motar sulke ta sojojin Jamus, mai tayoyi huɗu, da ragar waya a samanta da wata siririyar bindiga da ta leƙo ta gaba, sannan ya yi tambaya kamar haka: "Malam, wannan 'yar bindigar me za ta iya yi wa tankar yaƙi? Ashe ba ganganci ba ne a tura mutane fagen daga da irin wannan makami, alhali abokan gaba suna da manyan igwogi?"

Malam, motar da ke cikin hotonka ita ce wadda Jamusawa suka yi wa lamba Sd.Kfz. 222, kuma amsar tambayarka a taƙaice ita ce bindigar ba za ta yi wa babbar tanka komai ba, waɗanda suka ƙera motar kuwa sun san da haka tun ranar farko. Aikin da aka yi ta dominsa shi ne ta riga runduna yin gaba, ta gano inda abokan gaba suke da yawansu da hanyar da suka bi, ta aika da labari baya, sannan ta tsira da ranta. Duk wanda ya auna bindigarta da ma'aunin tankar yaƙi zai ga ta gaza, amma wanda ya auna ta da wannan aiki zai ga cewa zaɓi ne da aka yi da hankali, ko da yake motar tana da wasu aibobi na gaske waɗanda zan zo kansu.

Kafin a fahimci makamin, sai an san inda motar ta samo asali. Yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919, wadda aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta taƙaita sojojin ƙasa na Jamus ga mutum 100,000, ta kuma hana su mallakar tankoki da motocin sulke na yaƙi, har ta kai suna atisaye da motocin gida da aka lulluɓe da katako da tamfol a matsayin tankoki. A farkon shekarun 1930 suka fara ƙera wata mota mai suna Kfz. 13, wadda ba komai ba ce illa motar fasinja ta kamfanin Adler da aka ɗora wa akwatin ƙarfe mai kaurin milimita 8, buɗaɗɗe ta sama, da mutum biyu a ciki da bindiga mai sarrafa kanta ƙirar MG 13. Tayoyin baya kaɗai ne ke jan ta, saboda haka da zarar ta sauka daga titi sai ta fara wahala. An ƙera guda 147, da wasu 'yan uwanta masu ɗauke da rediyo ba bindiga, waɗanda ake kira Kfz. 14. Tun daga nan za ka ga tsarin da Jamusawa suka riƙe har ƙarshen yaƙi, wato mota mai bindiga da mota mai rediyo suna tafiya tare.

A 1935 aka fara ƙera Sd.Kfz. 221, wadda ita ce uwar dangin da muke magana a kansa. Kamfanin Horch da ke Zwickau ne ya samar da ƙashin motar da injinta mai silinda takwas, lita 3.5, ƙarfin doki 75, aka kuma ajiye injin a baya domin direba ya riƙa ganin gabansa da kyau, kuma kada harsashin farko da ya zo daga gaba ya kashe motar. Duka tayoyin huɗu suna ja, kuma duka huɗun suna iya juyawa da sitiyari, abin da ke ba ta damar yin kwana a ƙaramin wuri, sai dai juya tayoyin baya a guje yana iya kifar da mota, don haka sai a tafiyar sannu ake amfani da shi. Kamfanin Weserhütte da ke Bad Oeynhausen ne ya tsara gangar jikin, kuma a nan ne gwanintar take: babu wani farantin ƙarfe a jikinta da yake tsaye sak, kowanne an jingina shi, domin harsashin da ya daki ƙarfe a karkace yana da doguwar hanya a cikinsa, sau da yawa ma zamewa yake yi. Abin da aka nema daga wannan sulke shi ne ya tare harsashin bindigar sojan ƙasa mai milimita 7.92, har da nau'in da ke da zuciyar ƙarfe mai huda sulke. Ba a taɓa sa ran zai tare harbin igwa ba. An ƙera 221 guda 339 zuwa 1940, nauyinta tan 4, da mutum biyu da bindiga ɗaya, da farko MG 13, daga baya MG 34.

Matsalar 221 ta bayyana da wuri. Mai sintiri yakan yi kiciɓis da mai sintirin abokan gaba kafin kowa, shi ma kuma a cikin motar sulke yake, to idan makaminka ba ya huda sulkensa, ba ka da abin yi sai gudu, kuma wanda ya gudu bai ga komai ba. Wannan ne dalilin da ya sa aka fito da 222, aka faɗaɗa hasumiyar da ke juyawa a samanta, aka ƙara mutum na uku domin kada aikin bindiga da aikin duban hanya su taru a kan kwamanda shi kaɗai, aka kuma ɗora igwa mai faɗin baki santimita 2, wadda ake kira KwK 30, da bindiga mai sarrafa kanta a gefenta, duk inda ɗaya ta kalla ɗayar ma nan take kallo. Nauyin motar ya kai tan 4.8, tsawonta kusan mita 4.8, tsayinta kimanin mita 2 har da ragar, tana gudun kilomita 80 a awa a kan titi mai kyau, kuma tana cin kimanin kilomita 300 kafin ta nemi mai. An ƙera kusan guda 990 kafin a daina a 1943.

Yanzu bari mu tsaya a kan igwar kanta, tunda ita ce tushen tambayarka. KwK 30 ta samo asali ne daga igwar kakkaɓo jiragen sama ta kamfanin Rheinmetall mai suna FlaK 30, aka gajarta bututunta domin ta dace da mota, kuma ita ce dai igwar da ke kan ƙaramar tankar Jamus Panzer II. Tana harbi ne a jere kamar bindiga mai sarrafa kanta, da saurin harsashi 280 a minti, amma wannan adadi yana ruɗin mutane, domin gidan harsashinta guda goma kacal yake ɗauka. Idan mai harbi ya danne kunama bai saki ba, cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai gidan ya ƙare, sai an cire shi an ɗaura wani. Motar tana ɗaukar harsashin igwa 180, wato gida goma sha takwas, da na ƙaramar bindiga sama da dubu. Saboda haka ƙwararren mai harbi yakan saki biyu ko uku ne a lokaci guda, ya duba inda suka sauka, sannan ya gyara saiti. Daga baya kamfanin Mauser ya gyara igwar ta zama KwK 38, wadda saurinta ya kai kimanin 450 a minti, kuma ita aka riƙa ɗora wa motocin da aka ƙera a shekarun ƙarshe.

Harsashinta iri biyu ne a asali. Akwai mai fashewa, wanda ake harba wa sojojin ƙasa da manyan motocin kaya da ma'aikatan igwa da ke fili, akwai kuma mai huda sulke. A gwajin Jamusawa, wanda suke yi a kan farantin ƙarfe da aka karkatar da digiri 30, mai huda sulken yana ratsa kimanin milimita 20 daga nisan mita 100, da kimanin milimita 14 daga mita 500. Akwai wani nau'i na musamman mai zuciyar ƙarfen tungstin da ke ratsa kusan ninki biyu na haka daga kusa, amma bai taɓa wadata ba. To sai ka ɗauki waɗannan alƙaluma ka aza su kusa da abin da motar ta haɗu da shi. Ƙananan tankokin Polan na TKS a 1939 sulkensu bai wuce milimita 10 ba, motar sulken Sobiyet BA-10 ita ma sulkenta siriri ne, tankar T-26 kuwa milimita 15. Duk waɗannan igwar tana iya huda su daga madaidaicin nisa. Amma tankar Char B1 bis ta Faransa tana da sulke mai milimita 60, Matilda II ta Birtaniya 78, T-34 ta Sobiyet 45 da aka kwantar da shi ƙwarai har ya zama kamar ninkinsa. A kan irin waɗannan, abin da harbin zai iya yi bai wuce fasa gilashin leƙe ko lalata wani abu a waje ko tilasta wa kwamandan tanka ya sunkuya ya rufe murfi ba. Wannan na ƙarshen kuwa yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin tankar da aka rufe ganinta kaɗan ne, kuma waɗannan 'yan daƙiƙun ne direban 222 yake buƙata ya ja da baya ya ɓuya bayan tudu.

Dalilin da ya sa ba a ɗora mata babbar igwa ba yana da fuska biyu. Ta farko ita ce nauyi. Tayoyi huɗu ne ke ɗauke da tan 4.8, wato kowace taya tana ɗauke da fiye da tan guda, kuma babbar igwa tana zuwa ne da babbar hasumiya da manyan harsasai da ƙarfin turi baya a lokacin harbi, abin da ƙaramar mota ba za ta jure ba. Ta biyu kuwa tunanin soja ne, kuma a ganina ita ta fi muhimmanci. Mutumin da aka ba makamin da zai iya kashe tanka, idan ya ga tanka zai so ya gwada, kuma a lokacin da ya tsaya gwadawa ya bar aikin da aka aike shi, ya kuma sanar da abokan gaba cewa ana kallonsu. Koyarwar bataliyoyin sintiri na Jamus ita ce a ga abu mai yawa ba tare da an gan ka ba, a yi harbi kawai idan hanya ta toshe ko kuma ana neman kuɓuta. Igwa mai saurin harbi ta dace da wannan, domin idan mota ta zagayo kwana ta tarar da shingen sojoji a mita ɗari biyu, abin da take bukata shi ne ruwan wuta nan take wanda zai sa kowa ya kwanta. Harsashi ɗaya babba da za a ɗura da hannu ba zai yi wannan aiki ba.

Ragar wayar da ka gani tana da nata bayani. Hasumiyar 222 mai kusurwa goma ce kuma ba ta da rufi, domin kwamanda ya riƙa gani da idonsa ya kuma ji da kunnensa, wanda a aikin sintiri babu na'urar da ta kai su a wancan zamani. Amma buɗaɗɗen sama yana nufin sojan da ya laɓe a kan bene ko a gefen hanya zai iya jefa gurneti ciki, shi ya sa aka yi ragar gida biyu masu buɗewa gefe da gefe kamar ƙyauren taga, aka yi mata tudu a tsakiya domin gurnetin ya gangara ya faɗi waje. Idan jirgin sama ya kawo hari, sai a buɗe ragar a ɗaga bakin igwar sama kusan tsaye, tunda asalinta ma ta jiragen sama ce. Wurin ya matse ƙwarai. Mutum biyu suna zaune a kujerun da ke juyawa tare da igwar, kafaɗunsu na gugar ƙarfe, kwanson harsasai masu zafi na zubowa, kuma wanda zai sauya gidan harsashi dole ya yi shi da hannu a wannan ƙunci yayin da mota ke tsalle a kan gargada.

Akwai abin da hoto ba ya nunawa, wanda kuma shi ne ainihin makamin wannan dangin motoci, wato rediyo. Motocin 221 da 222 na farkon yaƙi yawancinsu ba su da rediyo ko kaɗan, sai daga wajen 1942 aka fara saka musu ƙananan na'urorin magana na kusa. Saboda haka aka ƙera 'yar uwarsu Sd.Kfz. 223, wadda ke da bindiga MG 34 kawai a ƙaramar hasumiya, amma tana da babbar rediyo da wata eriya mai siffar firam ɗin gado da ke kewaye saman motar, ana iya kwantar da ita baya idan za a bi ƙarƙashin itatuwa. An ƙera sama da guda 500 daga cikinta. Akwai ma Sd.Kfz. 260 da 261 waɗanda ba su da makami sam, aikinsu sadarwa kawai, ta farkon don magana da jiragen sama. Ayarin sintiri yakan ƙunshi motoci biyu ko uku, ɗaya daga cikinsu mai rediyo. Ta gaba za ta matsa zuwa bakin tudu ta tsaya yadda hasumiya kaɗai ce ke leƙe, kwamanda ya ɗaga madubin hangen nesa ya ƙirga motocin da ke wucewa a titin ƙasa, ta biyu tana baya da igwa a saite tana kare ta, mai rediyo kuma yana can a kwari yana buga saƙo zuwa hedikwata. Ranar da ayari ya dawo ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba, amma kwamandan runduna ya san cewa gadar gaba tana nan lafiya kuma babu igwa a bakinta, wannan ranar ce aka yi aikin yadda ake so.

A Polan, da kuma Faransa inda akwai tituna masu kyau, tsarin ya yi aiki sosai. A Arewacin Afirka ma motocin sun yi suna, domin bataliyar sintiri ta 3 tana cikin rukunin farko na sojojin janar ɗin Jamus Rommel da suka sauka a Turabulus ta Libiya a watan Fabrairu na 1941, kuma su ne suka fara arangama da sojojin Birtaniya a kusa da El Agheila kafin watan ya ƙare. Hamada mai tsakuwa ta dace da mota mai gudu, buɗaɗɗen sama kuma yana rage zafi, sai dai nisan wurare ya fi ƙarfin tankin mai, shi ya sa a hotunan wannan fage za ka ga motocin an rataye musu jarkoki ta kowane gefe. Ita kanta jarkar ƙarfe mai lita 20 ƙirar Jamusawa ce ta shekarun 1930, sojojin Birtaniya suka kwaikwaye ta suka raɗa mata suna "jerrycan" daga laƙabin "Jerry" da suke kiran Jamusawa da shi, kuma daga wannan suna ne kalmarmu ta jarka ta fito. Inda motar ta fi shan wuya a hamada shi ne rairayi mai laushi, wanda ke haɗiye siraran tayoyinta.

Rasha ce ta tona asirin motar, kuma aibin da ya bayyana a can na tayoyi ne da sulke fiye da na igwa. Daga kakar 1941, da ruwan sama ya mayar da hanyoyin ƙasa caɓi mai kai wa gwiwa, mota mai tayoyi huɗu ta zama sai an ja ta, kuma mai sintirin da ba zai iya barin babbar hanya ba ya rasa rabin amfaninsa, domin abokan gaba sun san ta inda zai ɓullo. Ga sanyi da ƙanƙara suna zuba a buɗaɗɗiyar hasumiya, ga kuma bindigogin huda sulke na Sobiyet, PTRD da PTRS masu milimita 14.5, waɗanda soja biyu ke ɗauka su laɓe a ciyawa, suna huda gefen motar mai milimita 8 ba tare da wahala ba. A 1942 aka ƙara kaurin sulken gaba daga milimita 14.5 zuwa 30, injin ma aka ƙara shi zuwa lita 3.8 da ƙarfin doki 90, amma ƙarin nauyi a kan tayoyi huɗun nan bai taimaka wa tafiya a taɓo ba.

An yi ƙoƙari guda na ba wa dangin haƙoran cizon tanka, kuma ya cancanci a bayyana shi domin dabararsa abin sha'awa ce. Wasu tsofaffin 221 an yanke gaban hasumiyarsu aka ɗora musu wani makami mai suna sPzB 41. Bututunsa yana farawa da faɗin milimita 28 a gindi, ya riƙa tsukewa har ya koma milimita 20 a baki, bisa dabarar wani injiniya Bajamushe mai suna Hermann Gerlich. Harsashin yana da zuciyar tungstin da wasu fukafukai na ƙarfe mai laushi a kewaye, waɗanda ke lanƙwashewa yayin da bututu ke matse su, ta yadda ƙarfin albarushin babban harsashi yake tura ƙaramin harsashi, ya fita da gudun kimanin mita 1,400 a daƙiƙa. Daga kusa yana huda fiye da ninki biyu na abin da harsashin KwK 30 na yau da kullum yake hudawa. Amma matsewar tana cinye bututun bayan harbi kimanin 500, ana ɗura shi ɗaya bayan ɗaya da hannu, harsashinsa mai fashewa ba shi da ƙarfi, sannan Jamus ba ta da tungstin nata sai wanda take saye daga Fotugal da Sifen, kuma masana'antu suna buƙatarsa don kayan yankan ƙarfe. A 1943 aka daina ƙera makamin. Ni dai a nazarina wannan gyara ya mayar da motar sintiri maharbiyar kwanton ɓauna mai sulke ɗan siriri, kuma abin da ta rasa na saurin wuta ya fi abin da ta samu.

Ba kowa ne ya bi ra'ayin Jamusawa ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Birtaniya ta ɗora igwa mai milimita 40 a kan motar sulkenta ta Daimler, Amurka ta ɗora mai milimita 37 a kan M8, Sobiyet kuwa mai milimita 45 a kan BA-10, domin suna ganin sau da yawa labari ba ya samuwa sai an yi faɗa a kansa. Su kansu Jamusawa, da yaƙi ya juya musu baya suka koma kare kai, sun fara ɗora igwogi masu santimita 5 da 7.5 a kan manyan motocinsu masu tayoyi takwas na dangin Sd.Kfz. 234, domin a lokacin ana tura bataliyoyin sintiri toshe ɓarakar fagen daga fiye da leƙen abokan gaba.

Duk da haka, da aka daina ƙera 222 a 1943, igwar ba ta tafi tare da ita ba. Motar da ta gaje ta a aikin sintiri, Sd.Kfz. 250/9, mai tayoyi a gaba da sarƙa irin ta katafila a baya domin ratsa taɓo, da farko hasumiyar 222 ɗin aka ɗauka aka ɗora mata da ragarta. Daga baya aka yi sabuwar hasumiya mai kusurwa shida, ita ma buɗaɗɗiya da ragar waya da KwK 38 da bindiga mai sarrafa kanta a gefe, aka saka ta a kan 250/9 da kuma babbar mota mai tayoyi takwas Sd.Kfz. 234/1, wadda aka fara ƙerawa a 1944 aka ci gaba har farkon 1945.